Ramukan Bagaruwar Sarfaraz

Duk wanda ya san unguwar majema ta Dingarh a garinmu Kasur ya san Sarfaraz Bhatti, kuma in ya san shi, to ya taɓa jin muryarsa yana faɗa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gemunsa ja da lalle, tafin hannunsa kuwa kamar an tsoma a baƙin shayi, don ruwan bagaruwa ya riga ya kama shi, sabulu ba ya fitarwa. Bana shekarunsa hamsin da shida. Mutane na cewa da fushi aka haife shi, amma waɗanda suka yi firamare da shi sun ce ƙarya ne. Yaro ne mai shiru-shiru, ko ƙwace masa gurasa aka yi sai dai ya bi mutum da ido. Fushin daga baya ya same shi, kuma an san ranar.

Kakansu majemi ne, da ɓawon bagaruwa yake jima a ramuka goma sha biyu bayan gida, fata ta kwana hamsin a ruwa kafin ta jemu. Mahaifinsu ne ya kawo shuɗin gishirin nan da ake kira kurom, wanda ke gama aikin a kwana biyu cikin manyan gangunan katako masu juyawa da lantarki. Kowa a unguwa ya koma shi. Aka bar ramukan suka zama juji, kwatar unguwa ta koma shuɗiya, ɓaunayen kiwo da ke shan ruwanta suka fara zubar da ciki, mata suka daina wanki da ruwan famfo don yana sa ƙaiƙayi. Aka saba. Da tsohon ya rasu, babban ɗansa Mushtak ya karɓi ma'aikatar, ya faɗaɗa ta, ya je Makka ya dawo Haji Mushtak. Sarfaraz, ƙanensa, shekara ashirin yana shugabantar leburorinsa, bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba.

Wata Talata cikin tsananin zafi, rijiyar da dagwalon ma'aikatar ke taruwa a ciki ta toshe. Mai injin zuƙe datti ya ce sai jibi zai zo. Haji ya ce aiki ba zai tsaya har jibi ba, a sa mutum ya sauka. Aka sa Barkat Masih, ɗaya daga Kiristocin da ke yin aikin da kowa ke ƙyama, uban yara huɗu. Ya cire rigarsa ya rataye a ƙusa, ya sauka ba igiya, ba komai a hancinsa. Sarfaraz na tsaye a baki. Ya ji tari sau biyu, sai shiru. Yunus, yayan Barkat, ya zaburo zai faɗa ciki, Sarfaraz ya rungume shi ta baya suka zube ƙasa tare, Yunus yana cizon hannunsa yana kiran sunan ƙanensa. Da ƙugiyar jan fata aka fito da Barkat.

Kafin la'asar Haji ya kira Sarfaraz ofis. Fanka na juyawa, buhu biyu na garin alkama na jingine da bango.

"Ka kai wa matarsa. Ka ce zuciyarsa ce ta buga yana cikin aiki. Likita ma haka zai rubuta."

"Yaya, ai iskar rijiyar ce ta kashe shi. Ina wajen."

"To kai Allah ne da za ka san abin da ya kashe mutum? Kwanansa ne ya ƙare. Ɗauki ka kai, kar 'yan jarida su riga ka."

Ya ɗauka ya kai. Wannan shi ne abin da har yau bai yafe wa kansa ba, ya ɗora buhunan a babur ya kai, kuma da matar ta riƙe gefen ƙofa ta tambaye shi, "Maigida, ya sha wahala?" sai ya ce a'a, faɗuwa kawai ya yi. Ta yi masa godiya. Har ruwa ta kawo masa a kofin da take ajiyewa don baƙi.

Bayan kwana arba'in ya tara dattawan dangi ya ce a raba gado. Bai nemi ganga ko ɗaya ba, bai nemi ofis ba. Filin bayan gida ya nema, mai tsofaffin ramuka. Haji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Juji kake so? Ku ba shi, don Allah ku ba shi kafin ya farka. Sarfaraz, zamanin jaki ya wuce. Kafin fatarka ɗaya ta jemu na aika lodin jirgi biyu tashar ruwa ta Karachi."

"Ka aika goma, Yaya. Ni dai na gama kai gari gidan makoki."

Wata uku ya yi yana kwashe shara da kansa. Mutum na farko da ya zo neman aiki Yunus ne, ya ɗauki shebur kawai ya shiga rami na biyu. Shi ya tuna yadda ake daka ɓawon, yadda ake fara sa fata a ruwa mai rauni sannan a matsar da ita rami-rami zuwa mai ƙarfi, don yana yaro ya ga kakan Sarfaraz na yi. Sarfaraz ya kafa dokokinsa, ya sa 'yarsa Samina ta rubuta su a bango da fenti: ba mai taɓa ruwan farar ƙasar cire gashin fata ba safar hannu da takalmin roba, ba mai sauka rami ba igiya, ba a ɗaukar yaro aiki, Musulmi ya huta Juma'a, Kirista ya huta Lahadi, kowa da ladansa cikakke. Randa ɗaya ce, kofi ɗaya, kowa ya sha. Wannan ta ƙarshen ta fi duk sauran tayar da ƙura a unguwa, don a nan ba a saba Musulmi ya sha da kofin da Kirista mai aikin datti ya sha ba. Ya haƙa tafkuna uku ƙanana a jere ya dasa kacalla, ruwan aiki ya bi ta ciki ya kwanta ya tace, abin da ya fito a ƙarshe matarsa Nasrin ta ja shi zuwa 'yar gonarta ta hulba. Da hulbar ta tsiro kore shar, sai da ya tsayar da masu wucewa a titi yana jan hannunsu su zo su gani.

Fatar farko ta fito ja kamar dabino, ga ƙamshi, ga ƙarfi. Ya naɗe ya hau mota zuwa birnin Lahore yana jin kamar ya riga ya ci kasuwa.

Dillalan can suka lanƙwasa, suka shinshina, suka ce masha Allah, irin ta da. Da ya faɗi kuɗinta sai suka miƙo masa abinsa.

"Malam, ta yayanka rabin wannan ce."

"Ta yayana mutane take kashewa."

"To mu ina ruwanmu? Wa ka taɓa gani ya shiga shago ya tambayi takalmi wane ruwa ya sha? Ka rage, ko ka kai gidan tarihi."

Ya je banki neman abin da zai sayi ɓawo kafin damina. Manajan, wani matashi mai ƙamshin turare, ya saurare shi da murmushi, ya ce lallai wannan aikin alheri ne, har ma bankinsu na da shiri na musamman don masu kare muhalli. Sai ya tambayi injinan da ke ma'aikatar.

"Ba inji. Ramuka ne."

"Rami? Baffa, rami zan rubuta a takarda? In ka kasa biya mu ɗauki rami mu kai ina?"

Aka ce daga wajen gini ana jin amsar da Sarfaraz ya ba shi. Mai gadi ne ya rako shi har titi.

Duk da haka ya lallaɓa shekara huɗu, ma'aikatansa suka kai goma sha huɗu. Nasrin ta sha cewa da shi, "Baban Samina, ka rage wannan faɗan, masu saye kake kora." Shi kuma ya ce wanda gaskiya ke kora dama ba mai saye ba ne. Ta ce to gaskiyar ce za ta biya kuɗin makarantar yara? Sai ya fita ya bar mata ɗakin, don ita kaɗai ce ba ya iya ɗaga wa murya.

A shekara ta biyar wani dillali mai suna Tanwir ya kawo wata Bajamushiya, Madam Helga, mai kamfanin jakunkuna. Ta zagaya ramukan tana rufe baki don mamaki, ta karanta dokokin bango ta bakin Tanwir, ta ci gurasa da miyar hulbar Nasrin a kan gadon igiya. Tanwir ya yi ta ɗaukar hotuna. Ta ce irin fatar da ta shekara tana nema ke nan, za ta sayi duk abin da ramukan za su iya fitarwa. Abu ɗaya ya rage: takardar shaida cewa jimar mai tsabta ce, don mutanenta can ba sa yarda da baki, sai hatimi.

Kuɗin masu ba da takardar ya fi ƙarfinsa. Nasrin ta sayar da ɓaunarta, wadda ke ba gidan madara, ba ta ko tsaya ganin an ja ta ba. Bayan wata biyu mutum biyu suka zo daga wani kamfanin bincike na Lahore, kowanne da hankici a hanci, suna ɗaga ƙafar wando. Ba su leƙa rami ko ɗaya ba, ba su yi wa ma'aikaci ko ɗaya magana ba. Suka tari ruwa daga burtsatsen ma'aikatar a 'yar kwalba, suka ɗiga wani abu, ruwan ya sauya launi.

"Akwai kurom a ruwanka," in ji babban.

"Yo ai dole! Duk ƙasan unguwar nan kurom ne, shekara arba'in maƙwabta na tuttulawa. Ni ban taɓa shigo da ko cokali ɗaya ba. Ku auna ruwan da ke fita daga tafkina, shi ne nawa!"

"Takardarmu ruwan da ke shiga ta ce a auna. Na'ura ba ta san maƙwabci ba."

"To ku da kuke da ido fa?"

Babban ya ja shi gefe, ya sassauta murya. "Haba Malam Bhatti, ba a yin haka. Kwalba ai takan ɓace a hanya, a ɗebo wata. Ka dai duba mu, mun sha rana, a samu na shayi. Yayanka bai ba mu wannan wahalar ba."

Nan Sarfaraz ya gane cewa Haji ya riga ya sami takardar. Kowa a Dingarh ya san injin tace ruwan da Haji ya kafa a gaban ma'aikatarsa, fentinsa kore, an kewaye shi da furanni. Kowa ya san ba a kunna shi sai ranar da baƙi za su zo, don yana cin lantarki, sauran ranaku kuwa bututun bayan katanga ne ke aiki. Sarfaraz ya waiga, hannunsa ya faɗa kan wata ɗanyar fatar sa da aka tsamo daga ruwa. Da ita ya bi su har mota, gashi da farar ƙasa na fantsama a fararen rigunansu. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo: bai cika sharaɗi ba. Madam Helga ta aiko da saƙon baƙin ciki, ta ce hannunta a ɗaure yake.

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga Samina, wadda a lokacin ta fara koyarwa a firamare, ta dawo gida wata rana da azahar ba ta ko cire mayafi ba ta miƙo masa waya.

"Abba, duba nan. Wannan ba raminmu ba ne?"

Rami na bakwai ne, ya gane shi da tsagar da ke bakinsa. Ga hannuwan Yunus cikin safar roba ruwan ɗorawa, suna ɗago jar fata. Ga tafkin kacalla, ga hulbar Nasrin. A saman hotunan kuwa sunan kamfanin Haji Mushtak ne da manyan baƙaƙe, da hatimin masu bincike a gefe. Tanwir ya sayar da hotunan, ya kuma kai Madam Helga inda hatimi yake.

"Karanta mini Turancin."

Samina ta fassara masa. "Wai, gadon kakanni. Jima mai tsabta. Ma'aikata cikin mutunci."

Bai yi ihu ba, abin da ya fi tsorata Nasrin ke nan. Ya zauna a bakin gado yana kallon hannuwansa. Sannan ya tambaya yaushe Baturiyar za ta dawo. Unguwa duk ta sani, don Haji ya sa an share titi an yi wa katanga farar ƙasa: ran Alhamis.

Ran Alhamis da hantsi Sarfaraz ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki bokitin ƙarfe. Ya zagaya bayan katangar yayansa. An toshe bututun da buhu saboda baƙi, ya fizge buhun, shuɗin ruwa mai kumfa ya yi tsartuwa, ya tara har ya cika. Mai gadi bai hana shi shiga ba, wa zai hana ƙanen maigida? An shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfa kusa da koren injin da ke ta gurnani, ga shinkafar biryani, ga gasassun kaji, ga Madam Helga da furanni a wuya, ga Tanwir, ga manyan ƙungiyar majema. Ya ture farantin kaza ya dire bokitin a tsakiya. Warin ya bugi kowa lokaci guda.

"Bismillah, Yaya. Jima mai tsabta. Ka fara sha, baƙi su biyo baya."

Haji ya ƙaƙaro murmushi. "Sarfaraz, ba ka da lafiya. Je gida, za mu yi magana."

"Lafiyata ƙalau. Tanwir, kai maƙaryaci, fassara mata! Ka ce mata hannun da ke hotonta na Yunus ne, wanda ƙanensa ya mutu a rijiyar can, ga ta can da kuka rufe da tukwanen fure. Ka ce mata ni na kai wa matarsa gari, ni na yi mata ƙarya. Fassara, ko in tsoma kanka a ciki!"

Tanwir ya yi ta in-ina. Amma matar ba ta buƙaci fassara ba. Ta tashi ta bi ɗigon ruwan bokitin a ƙasa, ta fita ƙofa, ta zagaya bayan katanga, duk manyan na biye da ita suna magana lokaci guda. Ta tsaya ta kalli bututun na ɗan lokaci. Ta cire furannin wuyanta ta miƙa wa mai gadi, ta shiga mota.

Haji ya matso har gemunsu ya kusa haɗuwa. "Daga yau ba ni da ƙane."

"Tun ranar Barkat ba ni da yaya."

A labarin da yara ke so, a nan Baturiyar za ta dawo wurin mai gaskiya. Ba ta dawo ba. Ta soke cinikin Haji, ta kuma rubuto wa Sarfaraz cewa tana girmama jarumtakarsa, amma garin gaba ɗaya ya zama haɗari ga sunan kamfaninta, za ta nemi fata a wata ƙasa. Ya sa Samina ta karanta masa sau biyu, sannan ya sa takardar a murhu.

Haji ya sallami leburori sittin a mako guda, ya tabbatar kowannensu ya san dalilin. Da safiyar Asabar matansu suka cika ƙofar Sarfaraz. Ya fito da niyyar faɗa kamar kullum, sai ya ga fuskokin da ya sani, matan mutanen da ya shugabanta shekara ashirin. Wata mai suna Shamshad, da goyo a kafaɗa, ta tsaya gabansa.

"Kai ne waliyyin? To ga mu. Mijina na tari, na sani. Hannunsa duk gyambo, na sani. Amma yana kawo gari. Yanzu me zan dafa? Ruwanka mai tsabta zan dafa wa yara? Ɗauki mazanmu sittin aiki mana, tunda kai ne mai tausayi!"

Ya san gaskiya ta faɗa. Ramuka goma sha biyu ba sa ciyar da gida sittin. Ta tofa yawu kusa da ƙafarsa, suka juya. Nasrin ta ce kwana uku bai ci abincin kirki ba, kuma tun bayan mutuwar Barkat ba ta taɓa ganin an yi masa magana ya kasa mayarwa ba sai ranar.

Ƙungiyar majema ta zauna ba ta gayyace shi ba. Ba a rubuta komai ba, amma daga ranar duk dillalin ɗanyar fata da ya tunkara sai ya ce kaya sun ƙare, alhali ga su jibge a bayansa da gishiri. Har fatun layya da makarantun addini ke tarawa da Babbar Sallah aka riga shi saye, aka ƙara kuɗi da gangan. Sai ya koma hawa babur ƙauye-ƙauye yana bin mahauta, fata biyu nan, uku can, ƙudaje na bin sa kamar ɗan'uwansu. Ma'aikata goma sha huɗu suka koma shida. Waɗanda ya sallama da kansa ya gaya musu, ɗaya bayan ɗaya, ya bar wa kowa takalminsa da safar hannunsa, ya ce duk inda suka je aiki su sa, in maigidan ya yi dariya su turo masa shi.

Damina ta zo da nata. Maƙwabtansa biyu sun ɗaga katangar kwata ta ɓangarensu da bulo uku-uku, suka bar nasa ɓangaren a ƙasa. Ya yi magana, ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce za a duba. Wata safiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, awa huɗu bai tsagaita ba. Kwatar ta cika ta rasa hanya, ta juyo gidansa. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, shi da Yunus da sauran, suna jera buhunan ƙasa, ruwan na ture su. Ruwan ya haye tafkunan kacalla, ya share gonar hulba, ya sauka ramukan ɗaya bayan ɗaya. Fata ɗari uku da suka kwana arba'in da biyu, saura mako guda a tsamo su, duk suka sha dagwalon unguwa. Da ruwa ya janye aka ɗago su, sun yi dabbare-dabbare, wari ba a magana.

Yunus ya zauna a bakin rami yana kuka kamar yaro. Sarfaraz kuwa ya ɗauki guduma ya nufi katangar maƙwabta. Nasrin ce ta tare ƙofa da jikinta.

"Baban Samina, in ka fita da gudumar nan gidan yari za ka kwana, su kuma su yi walima. Abin da suke jira ke nan. Ajiye."

"Matsa, Nasrin."

"Ba zan matsa ba. Ka doke ni in ka isa. Shekara bakwai kana jima kana faɗa, jimar ka iya, cinikin ba ka iya ba. Daga yau kai da ramukanka, ni da kasuwa. Ka kai su kotu, ka yi ihunka can."

Ya ajiye gudumar. Kuma abin da ta faɗa shi aka yi. Nasrin, wadda ba ta taɓa zuwa Lahore ita kaɗai ba, ta naɗe guntayen fatar da suka tsira a jaka ta hau mota. Ba ta je wurin manyan dillalai ba. Lungunan masu ɗinkin takalmin gargajiya ta bi, irin mai lanƙwasasshen baki da amare ke sawa. Ba ta yi wa kowa wa'azin ruwa ko na ma'aikata ba. Cewa take yi, "Ɗan'uwa, soka basillarka a nan ka ji. Wannan ba ta ƙona ƙafa da zafi, ba ta wari da gumi." Suka soka, suka ji. Daga nan ta samo masu ɗaure gangar kiɗa, da wani tsoho mai linzamin dawaki, da wasu mata uku masu ɗinka jakar makaranta. Ba mai saye da yawa a cikinsu, kuma duk sai sun ja ciniki kamar za su fasa, amma suna dawowa.

Haka ma'aikatar take har yau. Ramuka takwas ke aiki, huɗu ba su ƙara yin daidai ba tun ambaliyar. Mutum bakwai ke ci a ciki. Yunus ya tsufa, ba ya shiga ruwa, yana zaune a inuwa yana daka ɓawo yana gyara wa kowa aiki. Haji Mushtak ya sauya wa kamfaninsa suna, ya sami sabon hatimi da sababbin masu saye, ya gina bene hawa uku, ya mayar da iyalinsa Lahore inda suke shan ruwan gora. Mafi yawan leburorin nan sittin sun koma wurinsa a kan ladan da bai kai na da ba. In 'yan'uwan biyu suka haɗu a jana'iza, sahu ɗaya suke tsayawa, wannan a wannan ƙarshe, wancan a wancan.

Shari'ar katangar kwata ta shiga shekara ta shida. Makon jiya aka ɗage ta karo na ashirin da uku, wai lauyan maƙwabta ya tafi ɗaurin aure. Sarfaraz ya fito daga kotun da kundinsa a hammata yana zagin lauyan, da angon, da wanda ya ƙirƙiro ɗaurin aure ranar Laraba. Yunwa ta kama shi, ya tsaya wurin wani mai soyayyen kifi a bakin titi, ya ce a auna masa rabin kilo, a sa yaji sosai. Ana cikin naɗe masa a takarda sai mai kifin ya ɗaga kaskon tsohon mai ya juye a lambatu.

"Kai! Gidan ubanka ne nan? Ka san ina man nan zai je?"

"Baffa, ka karɓi kifinka ka ƙara gaba, layi ake."

"Ba inda za ni! Nemo gwangwani ka riƙa tarawa, masu sabulu na saye, jakin banza, kuɗi kake zubarwa!"

Mai kifin ya tsaya da matsami a hannu. "Suna saye? Nawa?"

Sarfaraz ya ja benci ya zauna, ya buɗe takardar kifin a kan kundin shari'ar, ya fara yi masa bayani yana ci yana faɗa, mutanen layi na ta tsaki a bayansa.